Amsa ga Kawu kan hawan keke a gonakin inabi

Assalamu alaikum Kawu. Ina gajiya, ina iyali? Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har wurin da ka ce a tambaye ni ko talauci ne ya mayar da ni kan keke, ko kuwa zaman Afirka ta Kudu ne ya sa na fara shawagi a gonakin giya da gajeren wando. Hoton da yara suka nuna maka gaskiya ne. Ni ne, gonar da ke bayana ta inabi ce, kuma inabin na giya ne. Amma Allah ya ba ka haƙuri in fara da yadda ƙasar take, don wanda bai gan ta ba zai ɗauka tsallake wasu hanyoyi muka yi muka zaɓi ta mashaya.

Idan ka bar Cape Town ka nufi gabas, tafiyar kilomita 50 za ta kai ka Stellenbosch. Daga nan har Franschhoek da Paarl, duk inda kwalta ta bi, inabi ne dama da hagu har gindin duwatsu. Turawan Holan sun fara matse inabi a Cape Town tun 1659, suka kafa Stellenbosch a 1679, sannan Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini suka iso a 1688 aka ba su kwarin Franschhoek. Ka ga sama da shekara ɗari uku ke nan ana wannan noma. Wanda ya ce ba zai bi ta gefen gonar inabi ba a wannan yanki, to ba zai je asibiti ba, ba zai kai ɗansa makaranta ba. Musulmin garin ma, waɗanda kakanninsu suka zo daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka, a tsakiyar gonakin nan suke da masallatansu.

Batun talauci kuwa, alhamdu lillahi motata na nan, a bayanta ma nake ɗora keken. A nan likita da lauya da mai kamfani su ne kan gaba wajen hawa, kuma akwai keken da kuɗinsa ya fi na ƙaramar mota. Namu dai na hannu muke saye. Ba irin Ralinka ba ne da ake ɗora wa buhu: tayarsa siririya ce, kansa a lanƙwashe, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Mu 'yan Arewa da muka zauna a nan, wasu 'yan kasuwa a Bellville, wasu malaman jami'a, wasu ma'aikatan asibiti, zama ya yi mana yawa, hawan jini da sukari suka fara leƙo mu. Kowa likita ya ce masa ya motsa jiki. Ƙwallo ta fi ƙarfin gwiwar mai shekara hamsin, keke kuwa yana lallaɓa ta.

Ranar Lahadi muke fita, da zarar an sallame sallar asuba. A watan Disamba da Janairu, lokacin zafinsu ke nan, alfijir na ketowa tun wajen ƙarfe huɗu, don haka kafin shida mun riga mun sauke kekuna a Stellenbosch. Daga fita gari sai hawan Helshoogte. Ba shi da tsawo sosai, amma yana samun mutum jikinsa bai gama ɗumi ba, sai ka ji hira ta ɗauke, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar kaca. Kana kaiwa ƙoli sai kwarin Banhoek ya buɗe a gabanka, layukan inabi a jere kamar kitso, raɓa ba ta bushe ba, ma'aikata a bayan tarakta an nufi gona da su idan lokacin girbi ne. Daga nan gangara ce har Pniel, ƙauyen da aka kafa a 1843 saboda bayin da aka 'yanta. Sai a hau titin R45 a karya dama zuwa Franschhoek.

Masu ƙarfi a cikinmu ba sa tsayawa a garin. Suna wucewa su hau dutsen da ke bayansa, hawan kusan kilomita 7 ba hutu, a kan hanyar da aka ce giwaye ne suka fara tattake ta. Gwaggon biri na zama a bakin kwalta, kuma ƙa'ida ce kada ya ga ayaba a aljihunka. Daga can sama, in aka gangara ɗaya ɓangaren, ana isa madatsar ruwa ta Theewaterskloof, wadda ta kusa ƙafewa a farin 2018 lokacin da aka yi ta ƙidayar ranar da za a rufe famfunan Cape Town. A dawowa mukan bi R301 zuwa Paarl, mu wuce ƙofar gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu 1990. Mutum-mutuminsa na nan a bakin ƙofar, ya ɗaga hannu. Zagayen duka, in an haɗa da dutsen, ya kai kilomita 100.

To ga inda tambayarka take da nauyi. Kusan kowace gona tana da ɗakin ɗanɗana giya da wurin cin abinci, kuma ƙungiyoyin keke na Turawa da yawa a can suke ƙarasa tafiyarsu. Mu ba ma shiga. Ba ma zama a teburin da ake zuba ta, ko da ruwa za mu sha. Abokan hawanmu da ba Musulmi ba sun san haka, in an zo ƙofar gona sai mu yi sallama, su shiga, mu wuce. Shayinmu a fulas yake a mota, da dabino, da wani soyayyen fulawa mai kayan ƙamshi da kwakwa da Musulmin nan ke yi ranar Lahadi da safe, suna ce masa koesister. A kan wannan babu saɓani a tsakaninmu.

Inda muka rabu shi ne sayen kaya. Wasu gonakin suna da rumfa a bakin hanya, suna sayar da burodi da man zaitun da ɗanyen inabi, musamman wani mai zaƙi da ƙamshi da suke kira hanepoot. Wani dattijonmu, ɗan Katsina, ko kallon rumfar ba ya yi. Hujjarsa hadisin nan da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsewa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta, ya ce kuɗinka a aljihu ɗaya za su faɗa. Wasu suka ce ai inabi halal ne, kuma cinikin halal da wanda ba Musulmi ba bai haramta ba. Ni ina saye in rumfar ba ta ajiye kwalba, in tana ajiyewa in wuce. Ban ce tawa ce daidai ba, kuma zan so in ji abin da malaman gida za su ce. Wanda muka hana wa juna kai tsaye shi ne neman aiki a gidan matsa ko wurin zuba wa baƙi, duk da cewa ɗalibanmu na Stellenbosch suna ganin irin wannan aiki a arha lokacin hutu.

Wandon ma mun yi magana a kansa. Na keke matsattse ne, da soso a ciki saboda sirdi, kuma ba a iya doguwar tafiya ba shi. Sai muke ɗora wani sakakke a kai wanda ya rufe gwiwa. Wanda ka gani a hoton ya ɗage ne saboda ƙafata na kan feda. Hular kwano kuwa doka ce a ƙasar.

Dalilin da ya sa muke sammako ba zafi kaɗai ba ne. Da hantsi iskar kudu maso gabas ke tasowa, wadda a 2017 ta sa aka soke babban tseren keke na Cape Town, mai kilomita 109, saboda tana kayar da mutane tun a wurin tashi. Na biyu kuma, daga azahar masu ɗanɗane sun fara fitowa daga gonaki da makullin mota a hannu. Nan a hagu ake tuƙi, yadda kuke yi kafin 1972, kuma wasu hanyoyin ba su da kafaɗa. Mai hankali kafin sha biyu ya sauka daga kwalta. Azahar a gida take samunmu, ko a masallacin Stellenbosch.

Kada kuma ka ɗauka kyan wurin ya rufe mana ido. Bayi ne suka kafa gonakin nan har aka soke bauta a 1834, kuma cikinsu akwai Musulmi. Bayan nan aka daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana tun wajen 1960, amma abin ya ci gaba shekaru da yawa, kuma har yau ana haifar yara da lahanin da shan uwa ke jawowa. Mai keke yana ganin abin da mai mota ba ya gani: bayan farin gidan mai gona akwai layin ƙananan ɗakunan ma'aikata, da yara a bakin waya suna ɗaga hannu suna roƙon gorar ruwanka. Idan 'ya'yanmu suka biyo mu, nan muke tsayawa mu yi musu bayani. Wani lokacin mu gangara da su ta wajen teku zuwa Macassar, inda kabarin Shehu Yusuf yake, malamin da Holan suka koro daga ƙasarsa ya iso nan a 1694, ya rasu a 1699.

Da azumi muna ajiye doguwar tafiya, sai ɗan zagaye kusa da gida gab da magariba. Matanmu kuma sun fi son tafiyar ƙafa a gindin dutse, ko da yake 'yata ta tsakiya ta fara cewa a saya mata nata keken, uwarta ba ta amsa ba tukuna. A gaida Inna da su Gwaggo. Maganin gwiwar da ka ce in nemo, zan ba wanda zai taho ƙarshen wata.