Tambaya da Amsa: Su waye samarin nan masu farar riga da suka ƙi shan shayina?

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, atamfa da shadda nake sayarwa, duk bayan wata biyu ina sauka kudu saro kaya. Watan jiya na sauka wajen ƙanena a unguwar Briketeri a Yawunde, muna zaune ƙofar shagonsa bayan la'asar sai ga wasu samari biyu, ɗaya Bature ɗaya baƙi ɗan'uwanmu, farar riga da baƙin wando da ɗaurin wuya, kowa da baƙin bajo a ƙirji, sun jiƙe sharkaf da zufa. Suka gaishe mu da Faransanci cikin ladabi, ni kuma na ce a zuba musu shayi tunda baƙi ne, wallahi Malam suka ƙi sha wai addininsu ya hana, ruwa kawai suka karɓa. Abin ya sosa min rai don ka san mu nan arewa ƙin shayin mutum ba ƙaramin abu ba ne. Ƙanena ya ce 'yan leƙen asirin Amurka ne ana biyansu da dala, wani a wajen ya ce a'a biza suke ba mutum in ya shiga addininsu. Don Allah su waye, kuma me ke raba yaro ƙarami haka da uwarsa ya zo ƙasar wasu yana yawo a rana?

Daga ɗan'uwanka mai atamfa, Garwa.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Bari in fara da shayin tunda shi ya tsaya maka a rai. Ba raina ka suka yi ba, kuma ba ƙyamar kofinka suka yi ba. Waɗannan yaran da ka gani 'yan mishan ne na cocin da duniya ta fi sani da Mormon, kuma suna da wata dokar lafiya tun 1833 da ta hana su giya, taba, kofi da shayi, baƙi ne ko kore. Ko a gidan ubansu ba sa sha. Da ka sa an kawo musu zoɓo, wato folere ɗin nan namu, ko kunun gyaɗa, da ka ga yadda za su shanye har su nemi ƙari, don yunwa da ƙishirwa ba sa rabuwa da su.

Sunan cocin na gaskiya dogo ne, ma'anarsa Cocin Yesu Kiristi na Waliyyan Zamanin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Joseph Smith ya kafa shi a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilu 1830, ya ce shi annabi ne kuma an nuna masa wani littafi da ya fassara, Littafin Mormon, wanda suke karantawa tare da Baibul, daga nan sunan ya samo asali. An kashe shi a 1844, magajinsa Brigham Young ya kwashi mabiya suka yi ƙaura zuwa yamma suka isa inda yau ake kira Salt Lake City a jihar Utah a 1847, har yau can ne hedkwatarsu. Yanzu mabiyansu sun haura miliyan 17 a duniya. Tun 2018 ma shugabanninsu suka roƙi a daina ce musu Mormon, amma ka san baki in ya saba da suna.

Yanzu maganar albashi da ƙanenka ya yi. Alhaji abin da zai ba ka mamaki shi ne ba a biyansu ko dala ɗaya, su ne ma ke biya. Yaron da ya fito daga Amurka iyayensa ko shi kansa ke zuba ɗaruruwan daloli duk wata a asusun coci. Wasu sai sun yi shekara suna aikin ƙarfi suna tari kafin su fito. Yaran Afirka da ba su da wannan ƙarfin suna kawo abin da ya sawwaƙa coci ta cika sauran. Daga cikin asusun ne ake biyan hayar ɗakinsu a ba su ɗan kuɗin abinci da na mota, kuma ɗan kaɗan ne, shi ya sa za ka gan su a ƙasa suna taka sayyada. Namiji shekara 2 cur yake yi, mace wata 18. A 2012 aka rage shekarun fita, namiji ya koma 18 daga 19, mace 19 daga 21, wato yaron da ya gama lise jiya jiya. Kuma ba shi ke zaɓar inda za shi ba, takarda yake cikawa ya aika, manyan coci su turo masa wasiƙa cewa ƙasa kaza za ka, ko Japan ko Brazil ko Kamaru, sai ya haɗa jaka. Kafin ya iso sai ya bi ta makarantar horo ta 'yan makonni, babbar tana garin Provo a Utah, akwai kuma wata a Akra ta Gana inda ake horar da da yawa daga cikin masu aiki a Afirka, a can Baturen da ka gani zai fara lanƙwasa harshe da Faransanci.

Ni na zauna kusa da su, shi ya sa nake maka magana da ƙarfin gwiwa. Lokacin da nake aiki a Duwala katanga ɗaya ta raba gidan da nake haya da nasu, su huɗu ne a ciki. Ina dawowa daga sallar asuba in ɗan kishingiɗa sai in ji agogonsu ya kaɗa, ƙa'idarsu ta asali ƙarfe 6:30 ne tashi, 10:30 na dare kwanciya, ko da yake tun 2017 an ba shugabannin yanki dama su ɗan matsar da lokacin daidai da ƙasa. Da sun tashi addu'a, sai motsa jiki na rabin awa, wanka, karin kumallo, sannan kowa ya zauna da littafinsa awa guda shiru kamar ba kowa a gidan, bayan nan su yi karatu tare da abokin tafiya, mai koyon harshe ya ƙara nasa, ina jiyo wani ta taga yana maimaita jimla ɗaya ta Faransanci sau goma yana gyarawa. Sai su fita, kuma in sun fita sai dare, gida gida, layi layi, wani ya saurare su wani ya rufe musu ƙofa wani ya yi musu alƙawarin ƙarfe uku su zo su tarar ya fice.

Ranar Litinin ce ranarsu ta hutu, in ma za a kira ta hutu. Ranar suke wanki da cefane da aski da share ɗaki. Igiyar shanyarsu ba zan manta da ita ba, fararen riguna jere sun fi goma, wuyan kowacce ya fara cinyewa saboda dirza da burushi, ga takalma a ƙasa an jingina da bango, dugadugan sun siɗe gefe guda kamar an yanke da wuƙa. Wanda ake biya da dala don leƙen asiri ba ya kai takalmi ɗaya wajen mai gyara sau uku, ni na gani da idona. Akwai wani ɗan Kinshasa a cikinsu, siriri, mahaifiyarsa kifi take sayarwa, wata Litinin na same shi zaune bakin ƙofa da waya a kunne yana magana da yarensu hawaye na zuba yana sharewa da bayan hannu, abokin tafiyarsa na zaune nesa kaɗan ya sunkuyar da kai yana jiransa. Da ya gama na ce lafiya dai, ya ce lafiya lau, muryar mamansa ce kawai. Shi ma ya yi sa'a, don kafin Fabrairun 2019 sau biyu kacal a shekara aka yarda su kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran duk wasiƙa ce, yanzu ne aka sassauta suke iya kira duk mako.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne dokar biyu biyu. Ɗan mishan ba ya zama shi kaɗai, dole abokinsa na ganinsa kuma yana jinsa dare da rana, banɗaki kawai ke raba su, kuma ba shi ya zaɓi abokin ba, haɗa su aka yi. Ka duba fa, ɗan manomi daga Idaho da ɗan birnin Abijan, ba su taɓa ganin juna ba, abinci daban hali daban, a ce su kwana ɗaki ɗaya su wuni tare, in an yi saɓani ba inda za ka je ka huce sai dai ku zauna ku warware. Duk mako shida ake yin sauyi, ana iya ɗauke ka a kai ka wata unguwa ko wani gari da sabon aboki. Ba budurwa, ba talabijin, ba sinima, ba kiɗan duniya, ba iyo a ruwa, mace ma iyakarta gaisuwar hannu. Ko sunansa na yanka ajiye shi yake, bajon nan da ka gani an rubuta Elder ne da sunan mahaifi, ma'anarsa dattijo, a kan yaro ɗan 19.

Batun biza kuma ka gaya wa mutumin nan ya daina yaɗawa, babu ita. Su ba ofishin jakadanci ba ne. Wanda ya shiga cocinsu ma shi za a nema ya riƙa ba da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu, ya yi azumin abinci biyu ranar Lahadin farko ta wata ya ba da kuɗin abincin don talakawa. A Kamaru majami'unsu sun fi yawa a Yawunde da Duwala, kuma a 2020 aka buɗe ofishin mishan na Yawunde, shi ya sa ka fi ganinsu can ba nan Garwa ba.

TAMBAYA

Malam barka da war haka. Ni uwa ce a Marwa, ɗana na fari yana jami'a a Yawunde, ya gaya min yana zuwa ajin Turanci kyauta wajen wasu Turawa 'yan coci masu farar riga, har suna buga ƙwallo tare. Tun ranar barci ya ƙaurace min. In hana shi ne ko yaya?

Daga wata uwa, Marwa.

AMSA

Hajiya sannu, damuwarki tana kan hanya kuma ba zan ce miki ba komai ba. Su ɗin nan ne da na yi wa Alhajin Garwa bayani a sama. Ajin Turancin gaskiya ne kyauta ne kuma suna koyarwa da zuciya ɗaya, amma yaran nan ba Turanci ya baro da su gida ba, wa'azi ya kawo su, burinsu mutum ya karɓi darussansu a yi masa baftisma, su ma ba sa ɓoyewa in aka tambaye su. Sau da yawa a ƙarshen aji akan yi addu'a ko ɗan saƙon addini, sannan a tambayi wanda ke son a ziyarce shi.

Ya kamata ɗanki ya san abin da suka yi imani da shi tun daga tushe. Sun yarda an aiko Joseph Smith annabi a ƙarni na 19, kuma shugaban cocinsu na kowane zamani suna ɗaukarsa annabi mai rai. Mu kuwa Musulmi aƙidarmu a fili take, babu annabi bayan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nan ba wurin sasantawa. Ko maƙwabtanmu Kiristoci 'yan Katolika da 'yan Lutheran na Ngaundere ba su ɗauke su ɗaya da su ba, fadar Vatican ma ta yanke a 2001 cewa ba ta amince da baftismarsu ba. Akwai kuma tarihin da ni a matsayina na baƙar fata yake min ciwo, cocin ya hana baƙaƙe muƙamin limanci har zuwa Yunin 1978, bayan an ɗage ne suka turo 'yan mishan Najeriya da Gana a wannan shekarar, yau ga manyan ɗakunan ibadarsu a Akra tun 2004 da Aba tun 2005. In kuma kin ji ana cewa suna auren mata da yawa, da can ne, cocin ya sanar da dainawa a 1890.

Shawarata kada ki fara da faɗa a waya, yaron da ke nesa in aka yi masa tsawa ɓoyewa yake koya. Ki kira shi cikin sanyi ki tambaye shi me ake yi a ajin daga farko har ƙarshe, sun taɓa zuwa ɗakinsa, sun ba shi littafi, ya karanta. Ki tambaye shi sallarsa, wane masallaci yake Juma'a, wa yake zama da shi. In kuna da ɗan'uwa a Briketeri ki haɗa su ya riƙa zuwa cin tuwo ranar hutu, don yawancin yaranmu da ke karatu kudu kaɗaici ne ke damunsu, duk wanda ya sakar musu fuska shi za su bi, kuma 'yan mishan ɗin nan su ma yara ne masu kewar gida shi ya sa jininsu ke saurin haɗuwa.

Ki ce masa ya faɗa musu da bakinsa, cikin ladabi, cewa shi Musulmi ne Turanci ya zo koyo ba ya son darasin addini. Waɗanda na zauna da su a Duwala da na gaya musu haka sau ɗaya ba su sake tayar min da maganar ba har na bar gidan, gaisuwa dai da taimakon ɗaukar jarkar ruwa in famfo ya ɗauke. In ya faɗa suka ci gaba da matsa masa, ko kika ji ya fara wasa da salla, to ya bar ajin, ki tura masa ɗan abin da zai biya wani wurin koyon Turanci, Yawunde cike take da su tunda Turanci ɗaya ne daga harsunan hukuma biyu na ƙasar nan. In ya zo hutu Marwa ki sa babansa ko malaminsa na allo ya zauna da shi su bi tambayoyin da aka yi masa ɗaya bayan ɗaya.