Shin in sauka daga shugabanci bayan asarar da ƙungiyarmu ta yi?

Malam, ka ce ƙungiyar manoman da kake shugabanta ta ci bashi ta noma shinkafa, ambaliya ta tafi da amfanin, yanzu mambobi suna ɗora maka laifi, har barci ya ƙaurace maka, kana tunanin ajiye muƙamin.

A ganina bai kamata ka sauka yanzu ba, domin tafiyarka a wannan lokaci za ta bar jama'a da bashi ba tare da wanda ya san yadda aka karɓo shi ba, kuma za ta ƙarfafa zargin masu cewa an ci kuɗi. Ka kira taro, ka baje takardun kuɗin a gaban kowa, ka bambance abin da ruwa ya jawo da abin da sakaci ya jawo, sannan ku je wurin mai bashin tare ku nemi a ƙara muku wa'adi.

Ka tuna yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, lokacin da mafi yawan maharba 50 da aka tsayar a kan tudu suka bar wurinsu, aka rasa sahabbai kimanin 70, har da Sayyidina Hamza. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta umarci Annabi (SAW) da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su.

Batun rashin barcin kuwa, kada ka raina shi. Idan ya daɗe, ka ga likita.