Filin Tambayoyin Lafiya: Taba da Huhun Mutanen Inuit a Arewacin Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Na ji an ce mutanen Inuit na cikin waɗanda ciwon huhu ya fi addaba a duniya. Sanyin ƙanƙara ne ke jawo musu haka, ko shan taba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sanyi yana da hannu, amma ta hanyar tura mutane cikin ɗaki. Babban mai laifin hayaƙin taba ne. Inuit, asalin mazauna ƙasar ƙanƙara ta arewacin Kanada, suna zaune a yankuna 4: Nunavut, Nunavik, Nunatsiavut da Inuvialuit. A Nunavut da Nunavik fiye da rabin manya suna shan sigari kullum, ninki da yawa na sauran 'yan ƙasar, kuma kansar huhu a cikinsu, maza da mata, tana sahun gaba a duniya.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na haddasa kansa. A bangon bututun numfashi akwai wasu siraran gasu da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura zuwa maƙogwaro. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, sai majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Tarin asuba na masu shan taba ke nan. Can ƙasa kuma, ƙananan jakunkunan da iska ke shiga jini ta cikinsu suna yagewa su haɗe, kuma wanda ya yage ba ya komawa. Shi ya sa za ka ga mafarauci bai tsufa ba amma numfashi na gagararsa in ya ja kaya a kan ƙanƙara.

Mu ƙara da cewa taba ba gadon Inuit ba ce. Ba ta tsirowa a yankinsu na ƙanƙara. Masu farautar manyan kifayen teku da fataken Turai, irin na kamfanin Hudson's Bay, su suka kai musu ita.

Tambaya: Ni uwa ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne jarirai. Su da ba sa shan taba, me ya haɗa su da ita?

Amsa: Hajiya, nan ne abin ya fi ciwo. Cutarwar tana farawa tun a ciki. Idan mai juna biyu tana shan taba, nikotin yana matse jijiyoyin mahaifa, gubar hayaƙin kuma tana ƙwace wurin iska a jini, sai a haifi yaro ƙarami da ƙuntatattun bututun numfashi. Bayan haihuwa ga gida: ƙidayar 2016 ta nuna kusan rabin Inuit na waɗannan yankuna suna zaune cikin cunkoso. Gidajen an toshe su ruf saboda sanyi, iska ba ta sauyawa na tsawon watanni. Wasu gidajen suna da na'urar musanya iska, amma in ta lalace ko an kashe ta don ƙara ko don sanyin da take shigowa da shi, hayaƙi da ƙwayoyin cuta sai su yi ta zagayawa.

Ƙwayar RSV, wadda a babba yawanci mura ce kawai, tana kumbura bututun jariri har ya kasa shan nono. Garuruwan Nunavut 25 ne, babu hanyar mota tsakaninsu, don haka jaririn da numfashinsa ya tsananta jirgin sama ake nemo masa zuwa asibiti a Iqaluit, babban birnin Nunavut, ko Ottawa, ko Winnipeg, in yanayi ya bari. Buɗe taga ko shan sigari a zaure ba ya wadatarwa. Sai a fita waje gaba ɗaya, a rufe ƙofa, a cire rigar da aka sha da ita kafin a ɗauki yaro. Dokar Nunavut da ta fara aiki a 2023 ta hana shan taba a gidajen haya na gwamnati, kuma mun ga dacewar hakan.

Tambaya: Mene ne alaƙar taba da tarin fuka a wurinsu?

Amsa: Ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka, taba kuwa tana buɗe mata ƙofa, domin tana raunana garkuwar huhu, tana ninka haɗarin kamuwa kusan sau biyu. Tana kuma ɓoye cutar: mai sha yakan ɗauka tarinsa na kullum ne, ya yi watanni yana yaɗa ta a ɗaki ɗaya da yara. Tarin da ya wuce mako 2 zuwa 3, da rama, da gumin dare, a je a gwada kaki. A 2018 gwamnatin Kanada da ƙungiyar Inuit Tapiriit Kanatami sun yi alkawarin kawar da cutar a yankunan Inuit nan da 2030. A ganinmu hakan zai yi wuya matuƙar ba a ƙara gidaje an rage hayaƙi ba.

Tambaya: Wanda ke son dainawa a can, da me zai fara?

Amsa: Ya fara da nas ta asibitin garinsu, domin shirin lafiya na gwamnatin tarayya yana biya wa Inuit kuɗin magungunan dainawa. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da filastar nikotin mai miligiram 21 na mako 6, sai 14 na mako 2, sai 7 na mako 2. Ana manna ta a busasshiyar fata, ana sauya wuri kullum. A haɗa da cingam ɗin nikotin don lokacin da sha'awa ta taso: a tauna kaɗan har a ji yaji, a ajiye a kumatu, a sake. Masu tauna shi kamar cingam na alawa su ne ke kukan tashin zuciya da shaƙuwa. Wani kuskure da ake yi shi ne jefar da filasta da wuri don an ji sauƙi. Mai juna biyu, da mai shan maganin tarin fuka, kada su fara komai sai sun gaya wa nas duk magungunan da suke sha.