Chelsea ta biya fam 10,000 kan Gallacher, aljihun wa kuɗin suka shiga?

Tambaya: Malam, ƙanena yana buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa. Wani ejan ya ce zai kai shi Turai, wai ranar da aka saye shi gidanmu ya rabu da talauci, amma sai mun fara ba shi kuɗin biza da na gwaji. Baba har ya fara zancen sayar da fili. Ni kuma na karanta cewa Hughie Gallacher na Scotland, da aka saya da tsada, ya tsiyace. Hankalina a tashe yake. Yaya aka yi haka?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara roƙon Baba ya dakata, kada a taɓa filin nan.

Gallacher haifaffen garin Bellshill ne na Scotland a 1903, daga ramin haƙar kwal ya fito. Gajere ne, amma 'yan baya ba sa barci idan za su haɗu da shi. Ya ci kofin Scotland da Airdrieonians a 1924, Newcastle ta saye shi fam 6,500 a Disambar 1925, ya ja ta yana kyaftin ta lashe gasar Ingila a 1927 da ƙwallonsa 36 a wasa 38. A 1930 Chelsea ta biya fam 10,000.

To, a nan mutanenmu suke faɗawa rami, kullum sai na yi wannan bayanin har maƙogwarona ya bushe. Kuɗin saye ba na ɗan wasa ba ne! Ƙungiya ce take biyan ƙungiya. Fam dubu goman nan asusun Newcastle suka shiga. Shi Gallacher, dokar ƙayyade albashin 'yan ƙwallo ta Ingila a lokacin ta tsayar da shi kan fam 8 a mako idan ana kakar wasa, fam 6 lokacin hutu, komai yawan ƙwallon da ya ci. Ka yi lissafi da kanka: sai ya shekara fiye da 20 bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara farashin da aka yi masa. Kuma ko kwantiragi ya ƙare, ƙungiya tana iya riƙe rajistarsa ta hana shi motsi. Da shari'ar rabuwar aurensa ta yi tsawo ta cinye abin hannunsa, a 1934 aka ayyana shi a matsayin wanda ya kasa biyan bashi. Sai 1961 aka soke ƙayyade albashin, a 1963 wani ɗan wasa mai suna George Eastham ya karya tsarin riƙe ɗan wasa a kotu, kuma ƙarar Newcastle ɗin ya kai.

Yau albashi ya ƙaru ƙwarai, amma hanyar kuɗin saye tana nan yadda take. Shi ya sa raina yake ɓaci da masu yawo filin unguwa da jaka da hotunan Turawa a waya, suna yi wa iyaye romon baka. Ku ji tsoron Allah! Yara nawa aka watsar a ƙasar da ba su san kowa ba, babu ƙungiya, babu kuɗin dawowa?

Ka tambayi ejan ɗin nan lasisinsa na FIFA da takardar gayyata, sannan ku tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta. Idan ƙanenka bai kai shekara 18 ba, dokar FIFA ma ta hana a kai shi wata ƙasa, sai da 'yan dalilai ƙalilan. In ya fara kame-kame, ku rufe maganar.