Saksofon ɗin da kakanka ya bari: yadda za ka gane shekararsa

Malam, ka ce an rubuta "C.G. Conn, Elkhart" a jikin saksofon ɗin (kayan busa na ƙarfe) da ka gada wurin kakanka, kana son sanin shekararsa. To kayan Amurka ne, Elkhart gari ne a jihar Indiyana, can kamfanonin Conn da Buescher da Martin duk suke ƙera nasu a da.

Fara juya shi, a baya ƙasan ƙugiyar da babban yatsa ke riƙewa akwai lambar siriyal, ita za ka gwada da jadawalin lambobin Conn a intanet, amma ka ɗauke ta a matsayin kusan shekara, don jadawalan sukan ɗan saɓa da juna. Kusa da lambar idan ka ga L to sautinsa ya dace da kayan kiɗan yanzu, in kuwa H ne gaskiya zai yi wahala a busa shi tare da sauran 'yan badujala.

Sai ka duba ramukan da maɓallai ke rufewa. In bakinsu a naɗe yake, to kafin wajen 1947 aka yi shi, don a nan Conn suka daina. In kuma akwai zanen mace a cikin wani gida mai kusurwa biyar a bakin ƙahon, wataƙila samfurin 6M ne ko 10M, waɗannan ko makaɗan jaz suna ji da su sosai.

Don Allah kar ka goge shi da man goge ƙarfe ko ka kai a yi masa fenti, darajarsa za ta faɗi. Turo mana hoton lambar da zanen mu gani.