Daga ina zan fara karanta Eavan Boland?

Malama, kin tambayi inda za ki fara da rubutattun waƙoƙin Eavan Boland, haifaffiyar Dublin, babban birnin Ayaland, a 1944, wadda ta rasu a 2020. Ki fara da littafin waƙoƙinta Night Feed na 1982. A ciki za ki ga uwa ta tashi da asuba tana ba jaririyarta madara, abin da a lokacin ake ganin bai isa a rubuta masa waƙa ba. Ni wannan ne ya taɓa zuciyata. Sai ki wuce zuwa littafinta Outside History na 1990, kan matan da tarihi ya manta da su.

Kada ki ɗauke ta 'yar Ingila don ta yi ƙuruciya a Landan. 'Yar Ayaland ce. In bincike kike yi, malamin adabin Turanci zai warware miki tarihin ƙasarta, musamman babbar yunwar da ta fara a can a 1845.