Ga 'yar'uwar da Babanta ke ganin Innarsa a bakin gado

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Tun da asuba na ga tambayarki, sai yanzu na sauko daga aiki na samu zama. Kin ce ciwon dajin hanta ne, likitoci sun sallamo ku gida da maganin rage zafi, kuma kwana huɗu ke nan yana cewa Innarsa, wadda ta rasu tun ba a haife ki ba, tana zuwa ta zauna masa a bakin gado. Jiya kuma ya ce a miƙo masa hula da takalmi, tafiya ta kama shi. A gidan wasu na cewa maganin rage zafin nan, wato mofin, shi ne ya juya masa kai, a daina ba shi; wasu na cewa a nemo mai ruƙiyya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jos, shekarata 21 a bakin aiki, kuma mafi yawansu a gaban gadon waɗanda magani ya kai iyakarsa a kansu na yi su. Abin da kika faɗa na ji shi ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Kafin komai, ki amsa wa kanki tambaya ɗaya: idan Baba ya gama maganar Innarsa, yaya fuskarsa take? Hankalinsa a kwance yake, ko a firgice?

Na tambaya ne saboda abubuwa biyu ne da mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai ruɗewa, wadda ciwo ke kawowa. Mai ita ba ya gane na kusa da shi, ba ya sanin dare ko rana, yana fisge-fisge, yana yaye zane, yana ganin ƙwari a bango ko mutane sun biyo shi, kuma abin ya fi tsananta da dare. Wannan yana da dalilai da muke nema: fitsari ya taru ya ƙi fita, kwana da kwanaki ba bayan gida, zazzaɓi, ƙoda ta gaza, ko kuma hantar ta kasa tace dattin jini ya hau kai, wanda a ciwon Baba abin lura ne sosai. Na sha ganin dattijo yana ta ihu ana tofa masa addu'a, ashe mara ce ta cika. Ana sa masa robar fitsari sai barci. In haka Baba yake, yau ɗin nan ki kira likitansa. Maganin ma kan iya jawo ruɗewa, amma likita ne zai rage ko ya canza. Don Allah kada ku yanke masa mofin da kanku, zafin da zai dawo masa ba za ku iya kallo ba.

Na biyun kuwa daban yake. Mutum yana cikin hankalinsa, ya san ke ce, ya san yau Talata, zai ma tambaye ki ko yara sun dawo daga Islamiyya, sannan ya ce miki ga wance can zaune. Ba tsoro a tare da shi. Wani lokaci ma sai ki ga fuskar da ciwo ya tamke wata da watanni ta saki.

Akwai wani tsoho da ba na mantawa, a ƙuruciyarsa haƙar kuza ya yi a wajen Bukuru. Sati guda ba ya iya ɗaga kai. Wani dare cikin sanyin Disamba ina gyara masa bargo sai ya kama hannuna ya ce, "'Yata, ki ce wa yaron nan ya ɗaure min kayana, ga Yaya can bakin ƙofa da fitila, ya ce mota ta kusa tashi." Ɗansa ya fara cewa, "Haba Baba, Kawu ai ya fi shekara talatin da rasuwa." Na yi masa alama da ido ya yi shiru. Na ce, "Baba, ya kake ganinsa?" Ya yi murmushi ya ce, "Fes da shi, kamar ranar da muka baro gida." Ɗan ya naɗe masa riga biyu ya ajiye a gefen matashi, tsohon ya ɗora hannu a kai ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Kwana biyu bayan nan ya cika. Zancen tafiya, mota, jirgi, a ɗauko takalmi, "zan koma gida" alhali mutum yana kan gadonsa, wannan kam ya zame mana alama a wurin aiki. Kuma ba Musulmi kaɗai ba. Na yi jinyar wata dattijuwa Kirista daga Vom da ta riƙa tambayarmu wa ke rera waƙar nan mai daɗi, alhali ɗakin tsit yake.

Ba a nan kaɗai ake gani ba. Wani likita a Amurka, Christopher Kerr, da ke aiki a gidan kula da masu jinyar ajali a garin Buffalo, ya bi marasa lafiyarsa yana tambayarsu kullum. A sakamakon da suka fitar a 2014, kusan 9 cikin 10 sun ce sun yi irin wannan mafarki ko gani, akasari na 'yan'uwa da abokai da suka riga mu gidan gaskiya, kuma ganin mamatan ya fi komai kwantar musu da hankali. Ƙirgawa suka yi, ba su ce sun gano tushen abin ba. Ni dai duk sanda na tsaya a irin wannan wuri, ayar Suratul Waƙi'a ce ke faɗo min, inda Allah Yake cewa idan rai ya kai maƙogwaro, Shi ne mafi kusa da mutum fiye da mu, sai dai ba ma gani. Hukuncin abin na malamai ne. Karatun Alƙur'ani a kusa da shi alheri ne, ku yi a hankali. Abin da ba na so shi ne a danne majinyacin da ƙashi kawai ya rage masa, ana yi masa tsawa a kunne, ana turnuƙe ɗaki da hayaƙi, shi da numfashi ke wa wuya.

Wani abin da ke ci min rai: idan ya ambaci sunan wani mai rai, kada kowa ya ce kurwarsa aka kama. Na ga gidan da aka jefi wata baiwar Allah da maita saboda mijinta ya yi ta kiran sunanta a daren ƙarshe. Matar da ta yi shekara arba'in tana dafa masa abinci, sunan wa zai kira? Har yau 'ya'yan ɗakunan biyu ba sa ga maciji.

Ki kuma shirya wa wani abu. Wataƙila wata safiya ku ga Baba ya warware, ya tashi zaune, ya nemi abinci, ya yi hira kamar ba shi ba. Haka mahaifiyata ta yi mana. Bayan kwana biyar ba magana, ta buɗe ido ta ce gwaten acca take so, ta sha cokali uku, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi bashin da ake bin ta na kuɗin adashi. Ni da nake ma'aikaciyar jinya, na san abin da tsofaffi ke kira sauƙin tafiya, amma zuciyata ta ƙi yarda, na ce bari in je gida in yi wanka in dawo. Kafin in iso unguwar Farin Gada aka kira ni. In kun ga irin wannan rana, a kira na nesa a waya, a nemi gafara, a tambaye shi wasiyya da basussuka, kowa ya zauna.

Idan ya daina cin abinci kada ku ɗura masa kunu, yana iya shaƙewa. Ku riƙa jiƙa masa leɓe da auduga da ruwa. Idan ya daina amsawa, ku ci gaba da yi masa magana mai daɗi, ku fita da rigima da zancen gado waje. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2020 ya nuna ƙwaƙwalwar wasu majinyata tana amsa sauti har a sa'o'insu na ƙarshe, bayan sun daina motsi. Kalmar shahada kuma a laƙƙana masa da taushi, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta. In ya faɗa a ƙyale shi, ba a ta nanata masa har ya ƙosa ba.

Hular da takalmin, ki ɗauko masa su ki ajiye inda idonsa zai kai. In ya sake cewa Inna ta zo, ki matsa kusa ki riƙe hannunsa ki ce, "Baba, me ta ce maka?"